"Cause" ko "reason": malama ta ja wa 'yata jan biro

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga malaman Turancinmu. 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare. Makon jiya ta yi fashin makaranta kwana biyu, aka ce sai ta rubuto wasiƙar bayani kafin ta koma aji. Ga abin da ta rubuta: "The cause of my absence was that I travelled to Zaria for my aunt's wedding." Malamarsu ta ja jan biro a ƙarƙashin "cause of", ta rubuta "reason for" a samansa, ta ce a sake. Yarinya ta dawo gida ranta a ɓace, wai ita ta duba ƙamus, duk biyun dalili ne. Ni ma dai haka na sani tun muna makaranta. Malamar ce ta cika tsanani, ko akwai bambancin da ya wuce mu?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya, ni a ganina Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ki dubi kalmar "because" ma, ai "cause" ce zaune a cikinta, kuma da ita ake kawo dalili. Wasu malaman su dai a ga jan biro a takarda.

Malam Na Gusau: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baban Sadik, a yi wa malama adalci, tana da gaskiya. Shekara goma sha tara ke nan ina koyar da Turanci, kuma wannan kuskuren kusan kowane zango sai na gamu da shi. Matsalar daga fassararmu take. Mun ɗauki "dalili" mun ɗora wa kalmomin biyu, alhali Hausa tana da kalmar kowacce.

"Cause" shi ne sanadi, ko sila, ko musabbabi: abin da ya sa wani abu ya auku, ko ka so ko ka ƙi. Ruwan sama ya yi yawa, katanga ta faɗi. Ruwan shi ne "cause". Ba wanda zai tsayar da katanga ya ce ta yi bayani.

"Reason" kuwa shi ne abin da mutum ya duba a ransa kafin ya aikata, wanda in an tambaye shi zai buɗe baki ya faɗa. Iman ba iska ce ta ɗauke ta ta kai Zariya ba. Biki aka yi, aka auna, aka ga zuwa ya fi zama. Shi ya sa malama take son "the reason for my absence".

Ku lura kuma kowacce da abokiyar tafiyarta: "cause of", "reason for". Yaranmu sukan haɗa musu gambiza su ce "reason of", wanda kunnen Bature ba ya karɓa.

Maman Iman: Malam na gode. Amma fa gaskiya ba ita ta auna ba. Ita cewa ta yi tana da gwajin lissafi ba za ta je ba, ni na tilasta mata, don ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya take aure. To a nan ba ni ce "cause" ɗin ba?

Baban Sadik: Yawwa! Malam, ga ta nan. Yarinya ba ta zaɓa ba, an ɗauke ta ne kamar yadda ruwa ya ɗauki katangarka.

Malam Na Gusau: Hajiya kin kawo magana mai ƙarfi. Da za ta rubuta "My mother was the cause of my absence", jimlar ta tsaya da ƙafarta a nahawu, sai dai ma'anarta ita ce mahaifiyata ce ta jawo, wato ta ɗora miki laifi a gaban makaranta. Ba na jin haka kike so a karanta. Sannan wasiƙar kanta bayani ce ake miƙa wa hukuma don ta karɓa ko ta ƙi. Abin da ake miƙawa a auna shi, a ce ya gamsar ko bai gamsar ba, "reason" ne. Ana cewa "a good reason", "a poor reason". Sanadi kuwa ba a yi masa wannan hukuncin, sai dai a ce shi ne ko ba shi ba ne.

Ɗalibar Kimiyya: Malam, da izininka. Ƙa'idar nan ta cewa "reason" na mai hankali ne, ina ganin tana da huji. A littattafanmu ana cewa "the reason the sky is blue", kuma bakanike zai ce "the reason your car won't start is the battery". Sama ba ta zauna ta yi shawara ba, mota ma haka.

Malam Na Gusau: Allah Ya yi miki albarka, kin kama ni daidai. Abin da na faɗa ƙofar shiga ce, ba shi ne gidan duka ba. "Reason" ta fi "cause" faɗi. Duk amsar da za a ba wanda ya tambayi "me ya sa?" tana iya zama "reason", ko ta mutum ce ko ta mota. To amma ki lura, ko a misalin motar, hankali yana nan, sai dai ya koma wajen mai bayani. Mutuwar batir ita ce sanadi a cikin motar. Lokacin da bakanike ya gano, ya faɗa miki don ki fahimta, ta zama dalili a bakinsa. Abu ɗaya ne, ɗaya yana cikin inji, ɗaya yana cikin bayani.

Saboda haka kusan kowane "cause" za a iya kawo shi a matsayin "reason". Juyawar ce ba ta yiwuwa kullum.

Ɗalibar Kimiyya: Misalin inda ba ta juyuwa fa?

Ustaz Abu Hafsa: Malam, bari in shigo nan, don wannan gonarmu ce. Ka fito da asuba ka ga ƙasa a jiƙe, ka ce an yi ruwa cikin dare. Jiƙewar ƙasa ita ce dalilinka na cewa an yi ruwa, amma ba ita ta saukar da ruwan ba, ruwan ne ya jiƙa ta. Haka hayaƙi: dalili ne a kan wuta, wuta kuma sababin hayaƙi. Kun ga sun juya wa juna baya, ɗaya daga wuta yake tafiya zuwa hayaƙi, ɗaya daga hayaƙi yake komawa ga wuta.

Asalin "dalili" a Larabci ke nan: abin da ya nuna, ya shiryar. Har ɗan jagora a hanya dalili ake ce masa. Shi ya sa in almajiri ya ce wa ɗan'uwansa "mene ne dalilinka?" a zauren karatu, aya ko hadisi yake nema. Mu Hausawa ne muka buɗa kalmar har ta haɗiye sababi.

Malaman usulu, wato masana tushen fiƙihu, ma sun raba sababi da illa (illa a nan ba aibu ba ce, sifar da aka gina hukunci a kanta ce). Gushewar rana daga tsakiyar sama sababi ce ta wajabcin Azahar: in ta gushe salla ta wajaba, ko da hankalinka bai hango alaƙar ba. Maye kuwa shi ne illar haramcin giya, hankali yana ganin alaƙar ƙarara, shi ya sa ake yin ƙiyasi a kai wa sauran kayan maye. Ba na cewa rabon nan daidai yake da na Turanci, kowa da inda ya ja layinsa. Amma wanda ya yi karatun zaure bai kamata wannan bambancin ya zame masa baƙo ba.

Malam Na Gusau: Ustaz ka gama mini aiki. Turanci ma haka yake cewa: "I have reason to believe it rained." Jiƙaƙƙiyar ƙasa "reason" ce ta yarda, ba "cause" ɗin ruwa ba.

Baban Sadik: To ni har yanzu ba a amsa mini maganar "because" ba. In "cause" na katanga da batir ne, me ya sa ake cewa "I went because I love my aunt"?

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum, ina bin ku daga Zinder. Baban Sadik, kana da gaskiya a kan asali: "because" daga "by cause" ta fito, tun a ƙarni na 14. Amma kalma takan bar gidan ubanta ta yi nata. Yau "because" tana ɗaukar sanadi, tana ɗaukar dalili, ba ta tambaya.

Mu da muka yi makarantar Faransanci mun san kalmomin nan biyu tun a firamare, don daga wajenmu Ingilishi ya aro su bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066. "Cause" ita ce "cause" ɗinmu, daga Latin "causa". "Reason" kuma "raison" ce, daga Latin "ratio", wadda asalinta lissafi ne, ƙidaya da aunawa. Kun ga maganar Malam ta aunawa tana cikin jinin kalmar. A Faransanci in an ce mutum "a raison", ana nufin yana da gaskiya. Kuma "raison" ita ce hankali kansa.

Akwai wani abu kuma da malamanmu suke dukanmu a kai. "À cause de" an fi yinta a kan abin da ba a so, in alheri ne sai a ce "grâce à", wato albarkacin. Ban san Turanci kamar ku ba, amma ina jin ƙamshin haka a wajenku.

Mai Fassara: Ɗan Damagaram, ƙamshin da ka ji gaskiya ne. Aikina fassarar labarai a gidan rediyo, kullum da kalmar nan nake kwana nake tashi. In "cause" ta zo a matsayin aikatau, ka dubi abin da ke bin ta: "cause damage", "cause trouble", "cause death", "cause pain", "cause an accident". Kusan duk ɓarna. Mu ma muna da irinta: haddasa da jawo. Ana haddasa gobara, ana haddasa fitina, ana jawo asara. Ka taɓa jin an ce wane ya haddasa zaman lafiya? Kunne zai ƙi. To haka Bature yake ji in yaro ya rubuta "my teacher caused my success".

Wannan ma wata hujja ce ga malamar Iman. "The cause of my absence" yana sa bikin ya yi kama da wani hatsari da ya faɗa wa yarinya.

Abin da ya fi damuna a wajen aiki shi ne yadda "dalili" ta cinye sauran 'yan'uwanta. Matasan da ke zuwa mana koyon aiki komai dalili: dalilin gobara, dalilin mutuwa, dalilin murabus. Ni nakan ce musu musabbabin gobara, sanadin mutuwa, dalilin murabus. Muna da sila, muna da hujja, muna da uzuri, muna da maƙasudi, har da ummul'aba'isi. Dukiya ce muke bari tana ruɓewa a rumbu. Ku dubi karin maganarmu ma: ruwa ba ya tsami banza, wannan sanadi ake nema. Banza ba ta kai zomo kasuwa, nan ma wani abu ne ya faɗa masa. Amma in aka ce ya mare shi babu gaira babu dalili, mutum ake tuhuma, ana jiran ya buɗe baki.

Barista: Ina gaisuwa. Kada dai a rufe maganar a ce "cause" ba ta taɓa zama dalili, don a harshen shari'a tana zama. Kotu takan umarci mutum "to show cause", wato ya zo ya kawo hujjar da za ta hana a ɗauki mataki a kansa. Ma'aikatan gwamnati da suka taɓa karɓar takardar tuhuma sun san irin wannan lafazin. Akwai "cause of action", abin da ya ba ka hurumin shigar da ƙara. Akwai "cause list", jerin shari'o'in da ake liƙawa a kotu, a nan "cause" shari'a ce sukutum. A Amurka, gyara na huɗu na tsarin mulkinsu, na 1791, ya ce ba a ba da takardar bincike ko kamu sai da "probable cause". Duk waɗannan hujja ce, ba sanadi ba.

A ɗaya ɓangaren, alƙali yana ba da "reasons" na hukuncinsa. Kotun Ƙoli takan yanke hukunci yau, musamman a shari'ar zaɓe da lokaci ya matse, ta ce za ta kawo dalilanta a wata rana. Ba a taɓa cewa za ta kawo "causes".

Baban Sadik: Barista, Allah Ya saka. Ashe ban ɓata gaba ɗaya ba.

Malam Na Gusau: Ba ka ɓata ba, Alhaji. Har a maganar yau da kullum akwai "no cause for alarm" da "cause for concern". Amma ku dubi abin da ya biyo ta: "for", ba "of" ba. In "cause" ta ari aikin "reason", har rigarta take arowa. Waɗannan tsayayyun lafuzza ne, ana haddace su yadda suke, ba a gina sababbi a kansu. Iman kuwa "cause of" ta rubuta.

Malamin Tarihi: Ni a ajina da shekara ɗaya nake raba su, 1914. Tambaya ta farko: "the causes of the First World War". Ta biyu: "the reasons for the amalgamation of Nigeria". Me ya sa ba a musanya su?

Haɗe Arewa da Kudu a ranar 1 ga Janairu 1914 shawara ce da wasu mutane suka zauna suka yanke, Lugga da Ofishin Mulkin Mallaka a Landan. Sun auna: Arewa kuɗin shigarta ba ya isar ta sai an cika mata daga baitulmalin Ingila, Kudu tana da rarar kuɗin kwastan, ga layin dogo da ake son ya koma hannu ɗaya. Akwai mai shawara, akwai lissafi, don haka "reasons".

Yaƙin kuwa ba wanda ya zauna shi kaɗai ya tsara shi yadda ya kasance. An harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya, Franz Ferdinand, a Sarayebo ranar 28 ga Yuni, wannan muke kira "immediate cause". A bayansa akwai ƙawancen soja da ya raba Turai gida biyu, da gasar ƙera jiragen ruwan yaƙi tsakanin Ingila da Jamus, da rikicin yankin Balkan, su ne "remote causes". Kowace ƙasa tana da nata "reasons" na shiga, amma gobarar gaba ɗayanta "causes" gare ta. Yaron da ya gane wannan, ya san irin amsar da ake nema tun kafin ya ɗora biro.

Hajiyar Garwa: Daga Kamaru nake. Mu nan in ana maganar sanadi tafkin Nyos ke faɗo mini. A daren 21 ga Agusta 1986 iskar kabon ta taso daga ƙarƙashin ruwan ta gangara ƙauyuka, mutum sama da 1,700 suka rasu, yawanci a cikin barci, ga dabbobi dubbai. Masana sun faɗi sanadi, daga baya har bututu aka kafa a tafkin don iskar ta riƙa fita a hankali. Amma wanda ya wayi gari shi kaɗai a gidansu in ya ce "me ya sa?", ba iskar yake tambaya ba. Allah Ya jiƙansu.

Likita: Amin, Hajiya. Maganarki ta taɓa ni, don abin da nake gani ke nan a ɗakin yara.

Takardar shaidar mutuwa "cause of death" take tambaya, kuma a jere ake cika ta: abin da ya yi ajalin kai tsaye, sai abin da ya haifar da shi, har a kai ga tushe. Misali ƙarancin jini mai tsanani, wanda zazzaɓin cizon sauro ya kawo. Wannan ni nake rubuta shi, kuma ba ya buƙatar in tambayi kowa, gwajin jini ya faɗa.

Amma akwai tambayar da babu gurbinta a takardar: me ya sa ba a kawo shi tun kwana uku da suka wuce ba? Wannan sai daga bakin uwar. Maigida ba ya gari kuma ba ta fita sai da izini. Babu kuɗin mota. An fara gwada jiƙo. Ta zo wancan karon an yi mata tsawa a gaban mutane, ta ji tsoron dawowa. Waɗannan su ne "reasons", kuma na daɗe da gane cewa in ban saurare su ba, ƙanen yaron ma haka za a kawo mini shi. Maganin ƙwayar cutar yana cikin kabad, amma ba ya hana uwa jinkiri.

Ustaz ya yi maganar dalilin da ba sanadi ba. Sunan cutar ma shaida ne. "Malaria" daga Italiyanci take, ma'anarta mummunar iska. Mutanen da sun ga masu zama kusa da fadama sun fi kamuwa, suka ce warin fadamar ne. Dalilinsu na zargi mai kyau ne, sanadin ne suka kuskure. Sai a 1880 wani likitan sojan Faransa, Laveran, ya ga ƙwayar cutar a jinin marar lafiya a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya. Haka iyayenmu suke cewa ɗanyen mangwaro ke sa zazzaɓi. Sun ga abubuwa biyu sun zo kusa da juna, suka ɗaura musu aure. Ba na raina su, lura suka yi. Amma wanda ya yarda mangwaro ne, zai hana yaro mangwaro ya bar shi ya kwana ba gidan sauro.

Maman Iman: Likita, jikina ya yi sanyi. Allah Ya ba ku lada, Ya raya mana zuri'a.

Ɗalibar Kimiyya: Malam, to da a ce Iman zazzaɓi ne ya kwantar da ita, ba biki ba, wanne za ta rubuta?

Malam Na Gusau: A nan duk biyun sun halatta. "The cause of my absence was malaria" daidai ne, don cuta ba a shawara da ita. "The reason for my absence was malaria" shi ma daidai ne, kuma a wasiƙa zuwa ga shugabar makaranta shi zan zaɓa, tunda bayani ake miƙawa. Da wannan ta rubuta malama ta ja mata jan biro, da ni da Baban Sadik za mu tsaya a layi ɗaya.

Baban Sadik: Na karɓa, Malam. Amma ina nan a kan cewa da malamar ta zaunar da yarinya minti biyu ta yi mata irin bayanin nan, da ba ta koma gida da ɓacin rai ba. Jan layi kaɗai ba ya koyar da kowa.

Malam Na Gusau: Wannan kam ba musu. Sai dai aji mai yara tamanin, minti biyun ma tsada gare shi.

Maman Iman: Na ba Iman wayar ta karanta tun daga sama. Misalin Ustaz na hayaƙi da wuta shi ya fi zauna mata, har ta kwafe shi a bayan littafinta. Ga yadda ta sake: "The reason for my absence is because I travelled to Zaria with my mother for my aunt's wedding." Ta ce ta sa "with my mother" don malama ta gane ba yawo ta tafi ba. Malam, a duba mana kafin ta kwafe a takarda mai kyau.

Malam Na Gusau: Madalla da 'yata. Gyara ɗaya: ta cire "because" ta sa "that", ya zama "The reason for my absence is that I travelled". Turawa da kansu suna cewa "the reason is because" a hira, amma masu duba jarrabawa suna ɗaukarsa maimaici, tunda "reason" ta riga ta yi aikin. Ta ƙara layi ɗaya na ban haƙuri a ƙasa, ta kuma roƙi a ba ta damar rubuta gwajin lissafin da ya wuce ta. Ke ma Hajiya ki sa hannu a gefe.